Goggo Hansai a Rumfar Wanka

Pumpumre, Garwa
14 ga Yuni, 1971

Zuwa ga Yayata Luba,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Gaisuwa mai yawa daga ƙanwarki da ke kewarki, tare da fatan wannan takarda za ta same ki lafiya, ke da Malam Iliyasu da yara da duk 'yan'uwa na Yawunde. Allah ya ƙara muku lafiya, ya raba ku da abin da ya sauko mana a nan. Mu dai muna nan da rai, alhamdu lillahi. Maigidana Sulaimanu ya koma aikinsa na siminti a Figil, ƙanwarmu Maimuna ta yaye ɗanta, ni kuma ina nan a asibiti, ƙafata ba ta hutawa. Na san kina cewa Ummuhani ta yi arziki ta manta da mutane. Wallahi ba haka ba ne, Yaya, ki karanta ki ji.

Labarin kwalara ya riga ya iso muku ta rediyo, to abin ya fi yadda ake faɗa. Tun da ta gangaro daga wajen Tafkin Cadi ba mu ga sauƙi ba. Mutum ya shigo da ƙafarsa da hantsi, kafin la'asar idonsa ya faɗa, fatarsa ta yamutse. Gadaje sun ƙare, an shimfiɗa tabarmi a baranda, an rufe ɗakin awon mata an mai da shi na ƙarin ruwa. Mu ungozomomi ma an haɗa mu da masu jinya, mu karɓi haihuwa nan, mu ruga mu riƙe robar ƙarin ruwa can. Aka kuma kafa mana doka: ba ma'aikaciyar da za ta koma gida sai ta shiga wata rumfar zana a bayan asibiti, ta tuɓe kayan aiki ta jefa a ruwan jabel mai kashe ƙwayoyin cuta, ta yi wanka da sabulu, don kada mu kai wa iyalanmu cutar.

A wannan rumfa ne maganar da na zauna in rubuta miki ta faro. Kin tuna Madam Pauline da nake ba ki labari, babbarmu, doguwar matar nan 'yar kudu mai Fulatanci kamar a Garwa aka yanke mata cibi? Tun da ta dawo daga kwas shekarun baya take damunmu da zancen sankarar nono, wai kowace mace ta riƙa lalube jikinta wata-wata, mu kuma ma'aikata mu riƙa duba juna. Mukan ce to Madam, mu fita mu yi dariya. Mu da muke wuni muna duba matan mutane, ba wadda ta taɓa yarda a duba ta. Wanzami dai ba ya son jarfa. Da kwalara ta zo sai muka ce shi ke nan, mun huta da wa'azin Madam. Ashe mun yi kuskure! Matar nan ta ɗauko kujera ta dasa a bakin rumfar, ta ce tunda doka ta riga ta tuɓe mu, ai ranar wanka ba a ɓoyon cibi, kowa ta ɗaga hannu a duba ta kafin ta sa zane. Ni da kaina na yi mata tsiwa, na ce mutane na mutuwa cikin yini guda, wa yake ta wata sankara? Ta dube ni ta ce kwalara baƙuwa ce za ta tafi, ita kuwa waccan ba ta jiran a gama da baƙi. Sai na ɗaga hannu. Kuma ki sani, matar nan tun asuba take tsaye kamar kowa, amma ba ta taɓa duba mutum da gaggawa ba.

Kowa ya bi layi, ban da Goggo Hansai. Kin san halin ƙanwar Baba, kin san kunyarta. Matar da ta goye mu bayan rasuwar Inna, amma har yau ba mu taɓa ganin kanta ba ɗankwali ba! Shekaru ashirin da wani abu tana karɓar haihuwa a asibitin nan, rabin yaran Pumpumre a hannunta suka faɗo, amma a ce ta buɗe ƙirji gaban sa'o'in 'ya'yan cikinta? Sai ta riƙa jan ƙafa, ta tsaya wanke robobi, ta tsaya gyara wa wata mai jego zane, har sai kowa ya watse sannan ta shige. Madam ba ta yi mata faɗa ba, ba ta kai ƙararta ba. Wata rana da la'asar sai ta sallame mu duka, ta jira Goggo, ta tuɓe tata rigar, ta ce duk ta duba kowa amma ita ba wanda ya duba ta, kuma ba hannun da ta yarda da shi sai na Goggo. Goggo ta duba ta tsaf, ta ce lafiya lau. Sai Madam ta ce to, a garin nan ta koyi cewa biki ramawa ake yi, kuma ba ta taɓa jin Hansai ta ci bikin wani ta hana a rama mata ba. Yaya, da igiyar Goggo aka ɗaure Goggo.

Ki yi haƙuri da abin da zan faɗa. An sami ƙullutu a nonon hagu, ta wajen hammata. Da Madam ta tambaye ta, Goggo ta ce ai ta san da shi tun azumin bara, amma tunda ba ya ciwo ba ta ɗauke shi cuta ba. Kin ji fa! Ungozomar da ke gane juyin ɗa a ciki da tafin hannu kawai. Na ji haushi har na yi kuka, kuma ban ga laifinta ba, domin mu duka haka muka taso, abin da ba ya zafi ba ma kai shi gaban likita. Dokta Michel ya duba, ya ce bai ji komai a hammatar ba tukuna, wannan alama ce mai kyau, amma aikin da gwajin sai a Yawunde, kuma yanzu, ba bayan damina ba.

Nan aka yi daga. Goggo ta ce ba inda za ta, masu ciki na naƙuda a kan tabarma kusa da masu amai, ita kuma ta hau mota don abin da ko barci bai hana ta ba? Na roƙa, ɗanta Isa ya roƙa, ta ce mu yara ne. Madam ce ta zaunar da ita ta ce in ta tsaya za ta karɓi haihuwar bana, in ta tafi wataƙila ta karɓi ta 'ya'yan waɗanda za a haifa banan, sai ta zaɓa. Goggo ta tashi ta koma wajen masu naƙuda. Washegari ta ce za ta tafi, amma da sharaɗi, a tara mata duk matan asibitin a rumfa bayan an tashi aiki.

Mun taru, har masu shara da masu wanki, muna zaton sallama za ta yi da neman gafara. Sai ta ce Madam ta daɗe tana faɗa mana mu nemi ƙullutu, amma ba wadda ta san yadda yake a ƙarƙashin yatsa, to ga shi Allah ya kawo, kuma gobe za a tafi da shi a yanke. Yaya Luba, Goggonmu ta kwance zanenta da hannunta. Ta kafa ido a jikin zana, ta ce mu zo ɗaya bayan ɗaya. Duk wadda ta taɓa sama-sama don kunya, sai ta kama yatsun ta danna, ta ce ba haka ba, nan, ki ji yadda ba ya gudu. Ni na maƙale a baya, na ce ba zan iya ba. Ta ce ni ce ma dole, tunda jininmu ɗaya. Na taɓa. Yana da tauri kamar ƙwallon dabino, kuma har yanzu ina jin sa a yatsuna. Na ga jarumta a asibitin nan cikin watannin nan, amma ban ga kamar wannan ba.

Jiya Isa ya tafi da ita a motar Ngawundere, daga can sai Belabo su hau jirgin ƙasa, don haka wataƙila su riga takardar nan isowa gare ki. Takardar Dokta da katin allurar kwalara suna hannun Isa. Ki sauke ta a ɗakinki, ki raka ta asibiti da ƙafarki, kada ki bari ta ce ta ji sauƙi a fasa, kin san ta da iya lallaɓa mutum. Ba mu san abin da gwaji zai nuna ba, kuma ba zan ɓoye miki ba, tsoro nake ji.

Ki gaida Malam Iliyasu, ki ce muna roƙon addu'a a makarantarsa. Ki gaida Halliru da Sa'adiya da ƙannensu. Sulaimanu da Maimuna suna gaishe ku, Madam Pauline ma ta ce in gaishe ki ko ba ta san ki ba. Ita ta raine mu, Yaya, yanzu ga ta nan a hannunki. Ki dawo mana da ita.

Taki har kullum,
Ummuhani