Taƙin da Na Ƙara a Zare

Yaya Malam, ka gafarce ni da na dame ka da takarda. Bayan gaisuwa mai yawa, yaya Kano, yaya iyali, yaya ƙafar Inna? Mu nan Gumel sai godiya.

Keken da ka aiko wa Habu ya iso hannun fataken gyaɗa. Allah ya saka da alheri, ya ƙara buɗi. Ranar har liman sai da ya leƙo kallo.

Sai dai na yi laifi, ba zan ɓoye ba. Da ka ce in auna ƙafar yaron da zare in aiko, na ƙara taƙi guda, yadda muke yi wa rigar yara don su girma a ciki. Ashe ƙarfe ba ya naɗuwa. In ya hau sirdi, ƙafarsa ba ta kai mataki. Tura shi yake yi, yana cewa, "Iya, kiwo zan kai shi."

Babansa ya ce a mayar maka ka musanya da ƙarami, Habu yana ta kuka. Na ce mai kyauta za a tambaya. In ka yarda, a bar masa har ya cike taƙin nan.

Ka sa mu a addu'a, ka gaishe da su Hajara. Don Allah ka amsa da wuri.

Ƙanwarka, Rabi