Kakata da Tukunyar Waken Kir Anestis

Inna Muzeyyen, don girman Allah ki taimake ni. Kwana biyar suka rage mini, kuma ba wanda ya jawo mini wannan sai bakina.

Shekarata ashirin da biyu, a wani ƙauye nake kan duwatsun da ke bayan garin Ksanti a ƙasar Girka, taba muke nomawa. Karatuna na allo ne wurin limaminmu, shi ma ya sha fama da ni. Kowa ya san ni da tsokana. Wadda na fi damu kuwa kakata ce, Zekiye, mai shekara tamanin da ɗaya. Ina ce mata amaryata, tana ce mini ɗan banza. Amma tun da kakana ya rasu shekara biyu ke nan, ko ɗan banzan ta daina faɗa. Matar da a da ba a biki a ƙauyenmu sai tana kan tukunya, ta miƙa wa babata ludayi ta koma bakin taga ta zauna.

Mako uku da suka wuce na kai ta gari likita ya duba idonta. Muka fito bayan azahar, yunwa kamar ta kashe ni. Ita ba ta taɓa shiga gidan abinci ba, wai yaya mutum da girmansa zai zauna a bakin titi ana kallon bakinsa. Da ƙyar na ja ta gidan abincin Kir Anestis, wato Malam Anestis, a tsohon gari, inda tebura suke ƙarƙashin rumfar inabi. Ya shimfiɗa mana takarda a kan tebur, ya ajiye burodi da ruwa, sai ya ce abin da yake ce wa kowa: mu shiga ciki mu ga tukwane mu zaɓa. Kaka ba ta jin Girkanci sosai, ta taɓa ni ta ce me yake cewa. A nan Shaiɗan ya hau kaina. Na ce mata al'adar mutanen gari ce, in tsohuwa ta zo dole ta ɗanɗana kowace tukunya, ta faɗi aibinta, ta gyara, in ta ƙi kuwa ta ci mutuncin mai gida. Wallahi tsammanina za ta rufe fuska da mayafi ta ce mu tafi, in samu labarin ba abokaina.

Sai kawai ta gyara ɗaurin kallabi ta ce, “To ina wurin wanke hannu?”

Inna, na sha shiga wurin nan, amma ban taɓa kallonsa da gaske ba sai ranar. Tukwane goma sha ɗaya a jere, tururi yana tashi, ƙamshin man zaitun da tafarnuwa da kirfa ya cika ko'ina. Kir Anestis ya nuna ta ƙarshe, ta naman alade, ya ce, “Wannan ba taku ba ce, uwa,” ya rufe ta. Kaka ta yi bisimilla ta fara. Tumatir da tattasai da aka cusa wa shinkafa, ta gyaɗa kai. Kuɓewa, ta ce ya iya yanka, bai ji mata ciwo ba. Naman rago da lemon tsami, ta lumshe ido ta daɗe ba ta buɗe ba. Shi kuma yana biye da ita yana murmushi, ya ɗauka zaɓe take yi. Da ta iso kan wake ta kai cokali baki, sai ta ɗaga kai ta dube shi ta ce, “Waken nan maraya ne.”

Ya tambaye ni me ta ce. Na so in yi ƙarya ta biyu, amma idonta yana kaina, sai na faɗa. Murmushin ya ɗauke. Matarsa Kira Evdokiya ta kama baki. Shekara arba'in mutumin nan yana dafa waken nan, har daga wasu garuruwa ake zuwa ci. Ni dai na fara auna tsakanina da ƙofa.

Kaka ba ta ma lura ba. Ta kwance ƙunshinta ta fito da busasshiyar na'a-na'ar dutse da ta kawo wa likita tsaraba ta manta ba ta ba shi ba. Ta murje ta a tafin hannu ta zuba, ta rage wuta, ta karɓe ludayin daga hannunsa kamar daga hannun yaro, ta ce kowa ya dakata. Muka tsaya, ba ka jin komai sai tafasar tukunya. Can ta ɗebo ta miƙa masa.

Ya ɗanɗana. Ya sake ɗanɗanawa. Sai ƙaton mutumin nan mai furfura ya zauna kan garwar mai, ya cire tabarau, hawaye suna bin gashin bakinsa. Ya ce waken mahaifiyarsa ne. Wai tana sayen wani ganye wurin matan kan dutse a kasuwar Asabar, ta rasu yana saurayi bai tambaye ta ko wane ne ba, ya gwada ganye iri-iri bai dace ba. Ya kama hannun Kaka ya sumbata ya ɗora a goshinsa, yadda mu muke yi wa manyanmu.

Abin da ya biyo baya har yanzu kamar mafarki nake ganinsa. Ya cika mana tsakiyar tebur da faranti har suna hawa kan juna, cuku da zaitun da ganye da naman nan da waken. Ya bi tebur tebur yana ba da labari, mutane suna ɗaga kofi suna cewa Allah ya ƙara wa hannunta lafiya. Wani dattijo ya miƙe tsaye ya cire hula. Kaka ta ci, ta dangwala burodi a mai, ta yi dariya har haƙoranta biyun nan suka fito. Da aka kawo kindirmo da zuma ta dube ni ta ce, “Ci mana, ɗan banza, me kake kallo?” Na ɗauki cokali na fara ci. Ashe shekara ashirin da biyu ina tsokanar matar da ban san ko wace ce ba.

Ga inda matsalar take. Tun da muka dawo ta karɓe ludayinta, gidanmu ya dawo gida. Amma duk wanda ya shigo sai ta ba shi labarin al'adar mutanen gari, wai su ne suka san darajar tsofaffi. Ƙawarta Fikriye, wadda suke gasar girki tun suna 'yan mata, ta ce ita ma hannu gare ta. Yanzu tsofaffi bakwai sun ɗauki mota, Asabar ɗin nan za su garin Kavala, wani gidan abinci na bakin teku mai fararen ƙyallaye a kan tebura, masu hidima da ɗaurin wuya, ƙofar ɗakin girki a rufe. Kowace ta ƙulle ganyenta. Fikriye har da ludayinta. Kaka ce jagora, ni ne tafinta.

In na yi shiru za a kore su a gaban jama'a, kuma ita za a nuna da yatsa. In na faɗa, za ta gane ta shiga ɗakin girkin mutum ta zagi wakensa ba da izini ba, ga Fikriye tana jira ta yi dariya. Tsorona ta koma bakin taga. Na yi tunanin in roƙi mutanen Kavala su yi kamar gaske ne, na yi tunanin in sace iskar tayar motar. Inna, me zan yi?

Shaƙiyyin Jika

Amsa

Ɗana, na yi dariya, na share ido, sannan na ji kamar in ja kunnenka. Bari mu fara da taya: ka ƙyale ta. Mutanen Kavala ma ka ƙyale su. Masu girki ne da aiki a gabansu, ba su yarda su yi maka wasa ba, kuma ko sun yarda, wata Asabar tana zuwa, Fikriye ba za ta ajiye ludayi ba.

Tsoronka yana da hujja, ban raina shi ba. Mace mai kunya irin kakarka za ta ji zafin cewa jikanta ya mai da ita abin wasa, kuma a ƙauye magana ba ta mutuwa da wuri. Amma ka auna. Kunyar da za ta ji a ɗakinta, daga bakinka, ta kwana biyu ce. Wadda za ta ji a bakin teku, a gaban ƙawayenta shida da baƙi, mai hidima yana tare ta da hannu, wannan ita ce mai zaunar da mutum a bakin taga.

Akwai kuma abin da tsoro ya hana ka gani. Al'adar ce ka ƙirƙira, hawayen Kir Anestis ba kai ka ƙirƙire su ba. Bai san da wata al'ada ba, babu abin da ya tilasta masa ya sumbaci hannun kowa. Da al'ada ce, da duk tsohuwar da ta shigo ta samu haka. Tunda ba al'ada ba ce, abin da ya faru nata ne ita kaɗai. Gaskiyar ta fi ƙaryarka girmama ta.

Saboda haka gobe da safe ka sauka gari ka sami Kir Anestis kafin ya ɗora tukunya. Ka faɗa masa komai ka ba shi haƙuri, don shi ma ka yi wasa da mutuncinsa a gaban matarsa. Sannan ka tambaye shi ko zai karɓi baƙi bakwai ranar Asabar su ci abinci, ci kawai. Kada ka tsara masa abin da zai ce. In ya ga dama ya faɗa wa tsofaffin nan wa ta taɓa riƙe ludayinsa, wannan daga gare shi ne. In ya ce ba zai iya ba, ka gode masa, a ɗaga tafiyar.

Da ka dawo, ka sami kakarka ita kaɗai, ba a gaban babarka ba. Ka zauna ƙasa, kada ka yi murmushin nan naka, ka faɗa mata kai tsaye: na yi miki ƙarya, ga abin da mutumin ya ce da gaske. Ka ƙara da abin da ka rubuto mini, cewa ranar ka ga wadda ba ka sani ba, don na tabbata ba ka taɓa faɗa mata ba. Ta zage ka, ka tsaya ka sha. Ta yi maka shiru, ka jure, shi ya fi zagin zafi. Maganar ƙawayenta kuwa kai za ka ɗauka: ka bi su gida gida ka ce kai ka yi, domin dariyar ta faɗo a kanka. Kai ka saba, ba za ta yi maka komai ba.

Ba zan ce ka daina tsokana ba, gida yana son mai sa dariya. Sai dai ka riƙa duba wanda zai ɗauki nauyin wasan in ya ɓaci.

Allah ya sanyaya zuciyarta a kanka, ya ƙara mata lafiya da tsawon kwana, kai kuma ya shirya mana kai.

Inna Muzeyyen