Zanenki na Bakin Binuwai

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Dije,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan rahamar Allah tana tare da ke a makwancinki. Ɗanki Sale ne, daga Garuwa.

Inna, Mushe mai kula da zauren nunin zane-zane ya zo ɗakina zaɓen abin da zai rataya ranar Asabar. Duk cikin aikina, naki ya ɗauka: kina wanki a bakin kogin Binuwai, jirgin auduga yana wucewa. Sai dai wurin fuskarki fari fat yake. Ya ce in cike shi, don ba ya rataya aikin da ba a gama ba. Ni kuwa ban taɓa samun dama irin wannan ba.

Kin san dalilin. Ranar da Kawu ya kama ni ina zana shanu da gawayi a bangon zaure, ke kika shiga tsakanina da bulalarsa. Washegari kika ba ni ragowar shuninki da wani farin ƙyalle. Sharaɗi ɗaya kika kafa: "Zana abin da ka ga dama, amma fuskata ba ta bango ba ce." Kin yi mini komai, wannan kaɗai kika roƙa.

Na ɗauki buroshi, wallahi na ɗauka. Na san hancinki, na san tsagar kumatunki. Hannuna ya ƙi.

Sai na goge kan naki gaba ɗaya, na juya ki kina fuskantar ruwa. Na zana ƙeyarki, da ɗaurin ɗankwalin nan naki da kullum yake karkacewa hagu kina ɗora wa iska laifi, da kafaɗar da ta ɗan sauka saboda saɓa kayan wanki. Ashe nan na fi sani. A bayan nan na girma.

Mushe ya daɗe yana kallo, ya ce a rataya. Amma ba shi ya sa nake rubuto miki ba. Jiya autarki Hajara ta kawo mini tuwo. Daga bakin ƙofa ta hango zanen, ta ajiye kwano, ta gyara mayafinta yadda take yi in za ta shiga ɗakinki.

Na gode, Innata. Allah Ya haskaka kabarinki, Ya sa ranar da zan sake ganin fuskarki a Aljanna ce.

Ɗanki mai kewarki,
Sale