Fiton Cleophus a Cikin Waƙar 'Yata

Anti Ernestine,

Don Allah ki taimake ni, duk faɗin birnin Memphis ba ni da wanda zan gaya wa wannan magana. Ki yi haƙuri da rubutuna, ban yi nisa a makaranta ba, guga nake yi a wani otal.

Na san kin ji waƙar nan mai salon kiɗan soul da ake ta sawa a rediyo, "Fitilar Tawa Ce". 'Yata Earline ce ta rera ta, kuma ni ce matar da ke ciki. Shekarun baya na gano mijina Cleophus yana neman wata a tsallaken kogi. Ban yi ihu ba. Na jera masa takalmansa a bakin ƙofa, na kashe fitilar waje da nake bar masa kullum, na ce daga yau ni ke kunna ta, ni ke kashe ta. Earline tana tsaye a bayana, ba ta kuwa manta ba. Da ta girma sai ta mayar da maganar waƙa.

Yanzu ko shagon gyaran gashi na shiga sai mata su taso mini. Wata ta ce saboda waƙar ta kori ragon mijinta, har hularsa ta wurga masa ta taga. A coci Sista Odessa ba ta kirana sai sarauniyar masu kashe fitila. Ni dai murmushi nake yi.

Ga abin da babu wanda ya sani. Karin waƙar, wannan da ke hawa sannan ya sauko a hankali, a bakina Earline ta ɗauke shi, don ina yawan rera shi ƙasa-ƙasa in ina guga. Ta zaci nawa ne. Ba nawa ba ne, fiton babanta ne. Shi yake yi da baki duk Juma'a in ya taso aiki daga tashar jirgin ƙasa, da ƙunshin soyayyar tarwaɗa a hannu. Tun daga kwanar layi nake jiyo shi, sai in ciro burodin masara daga murhu. Ya daina fiton tun Earline tana rarrafe. Da ina da wayo, da tun lokacin na gane.

Cleophus ya rasu ranar Litinin, ciwon zuciya. Asabar za a binne shi. Ban yi nadamar korarsa ba, Anti. Na riƙe gidana, na raini yarinyata da dutsen guga, ban roƙi kowa ba. Amma tun da aka gaya mini, in waƙar ta zo mata suna tafi, ni kuwa ji nake ga shi nan tafe daga kwana. Jiya da rana tsaka na tarar na kunna fitilar waje, ban san lokacin da na yi ba.

Earline ta rantse ba za ta je jana'izar ba. Ranar ma tana da wasa a taron mata, tana so in hau dandamali in tsaya kusa da ita. In na gaya mata gaskiya, ina tsoron kada ta tsani waƙar, ita ce kuwa duk abin da ta gina. In na yi shiru, za a rufe babanta ba ta san tana ɗauke da shi a maƙogwaro ba. Yaya zan yi?

Mai Guga

*

'Yar'uwa Mai Guga,

Allah ya ba ki haƙuri. Da farko ki daina tuhumar kanki. Kin kori wanda ya ci amanarki, kin yi daidai. Kina kewar wanda yake kawo miki kifi yana fito, wannan ma ba laifi ba ne. Mutum ɗaya ne ya yi duka biyun, shi ya sa abin yake da ciwo.

Tsoronki yana da tushe. Dominki Earline ta yi fushin da ta zuba a waƙar, kuma tana iya ɗaukar lokaci ba ta son rera ta. Amma ba yarinya ba ce, kuma uba sau ɗaya ake binne shi. In sai bayan an rufe shi ta ji, ba da shi za ta yi fushi ba, da ke za ta yi.

Ki kira ta kafin Asabar, ku biyu a kicin, ki gaya mata yadda kika gaya mini. Kada ki wanke shi, kada ki roƙe ta ta je. Ki faɗa, ki bar mata zaɓi. Ki kuma tuna mata cewa shi karin waƙar kawai ya bayar, ya ma yar da shi a hanya. Ke kika tsince shi, kika riƙe shi a kan teburin guga, ita ta sa masa kalmomi. Waƙar taku ce.

Ke kuwa ki sa hularki mai kyau ki je jana'izar, ki yi kukanki. Matan taro za su iya yin tafinsu ko ba kya nan. In Sista Odessa ta ɗaga gira, ki bar ta da girarta.

Batun fitila kuma, ki sake sauraron abin da kika faɗa da bakinki. Ba ki ce za ta zauna a kashe har abada ba. Cewa kika yi ke ke kunna ta, ke ke kashe ta. Ki kunna ta wannan makon in kina so. Taki ce.

Allah ya sanyaya muku zuciya, ke da Earline.

Anti Ernestine