Kwanon Babanki

Zuwa ga Yetunde, sanyin idona, inuwar tsamiyata a tsakiyar bazara, ruwan farko da ke tayar da ƙamshin ƙasa,

Ina yi miki sallama ta wasiƙa, domin tun ranar da idonki ya sauka a kaina a rumfar Sherif dillali, wayarki ba ta ƙara amsa kirana ba. Kin gan ni riƙe da kwanon marigayi babanki ina cinikinsa, kika juya kika yi tafiyarki. Da mari kika yi mini, da ya fi mini sauƙi.

Na san abin da zuciyarki ta raya miki: Gali ya ga Iya, mahaifiyarki, na sayar da kayan gida za ku koma Offa, garinku na asali a ƙasar Yarbawa, ya zo tsintar arha a cikin hawayenku. Ni kuwa, Yetunde? Ni da na ci tuwo a tabarmar gidanku, babanki na tsokanata wai ba na jure barkono?

Ki tuna yadda muka fara. Ke kika koya mini son tsohon abu. Ke kika tsayar da ni gaban wata tsohuwa 'yar Bulkachuwa, kika ɗaga akushinta da ya yi baƙi sul don daɗewa, kika sunsuna kika ce har yanzu yana ƙamshin man shanu. Daga nan muka samo tiren tagullar nan mai lotsawa a gefe, da langa mai shuɗin fure, da butar shayin da murfinta ba nata ba ne. Duk a gwanjo, duk a kuɗin da bai kai na sabon faranti ba. Kika ce teburinmu ba ya bukatar abin da bai taɓa ciyar da kowa ba. Ranar kin yi dariya kamar tattabarun da aka watsa wa gero, ni kuwa na koma gida na sa kafinta ya fara teburin.

To ga gaskiyar abin da kika gani. Sherif ya saye kayan Iya a dunƙule, ya ware masu tsatsa zai bai wa 'yan gwangwan su auna a sikeli. Kwanon babanki na cikinsu. Yaya zan tsaya ina kallo a murƙushe kwanon da kike wankewa da hannunki kowace safiya? Na taya, ya yi gardama, na ƙara, sai ga ki. Bayan kin tafi na biya shi, na taho da kwanon gida.

Yanzu an ce ƙarshen makon nan motarku za ta tashi. Kawuna Alhaji Jalo ya je wurin Iya neman aurenki, ta ce masa ba za ta bar 'yarta a Azare ba sai in 'yar ce ta buɗe baki da kanta. Ke kuwa kin yi shiru! Shirun nan ya zauna mini a ƙirji kamar hadarin da ya haɗu ya ƙi zuba. A nan aka haife ki, Hausarki ta fi tawa daɗi. Wa zai san ki a can kamar yadda titunan garin nan suka san takunki?

Ba ina riƙe da kwanon don in ɗaure ki ba. Naki ne. In kin zaɓi tafiya, da kaina zan kawo miki shi tasha, in sa miki a cinya, in yi muku addu'ar sauka lafiya, hawayena kuma ba za su zubo ba sai motar ta wuce. In kuwa akwai sauran gurbina a zuciyarki, ki faɗa wa Iya kalma ɗaya kafin a ɗaure kaya.

Ko kin zauna ko kin tafi, babu macen da za ta zuba mini abinci a teburin nan in ba ke ba.

Naki har numfashin ƙarshe,
Gali