Bakin Da Ya Ce Da Sauƙi

Ƙofar Jatau, Zariya.
Asabar, 6 ga Yuli.

Zuwa ga maigidana, Abban Radiya,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa da begen ganinka, ina fatan kana cikin ƙoshin lafiya. Yaya aiki, yaya ruwan Fatakwal? Radiya tana gaishe ka, haƙorinta na gaba ya fita, tana ta yawo tana nuna wa mutane giɓin.

Kada ka yi mamakin ganin hoton takarda maimakon kira. Duk lokacin da ka bugo, Inna tana zaune a tabarma kusa da ni, kuma ka san ba ni da bakin da zan faɗi wani abu game da jikin mahaifiyarka a gabanta sai da sauƙi. Jiya ka tambaye ni na ce da sauƙi, ita ma ta karɓi wayar ta ce da sauƙi, ka kashe hankalinka kwance. Ni nawa bai kwanta ba, wallahi tsoro nake ji.

Inna ta daina allurar suga. Yau kwana ashirin da uku.

Akwai wata majalisar mata da ake yi duk Alhamis bayan la'asar a gidan wata Malama Sailuba, lungu biyu daga namu. Ana zikiri da salati, ba abin da za ka ƙi. Idan an shafa fatiha sai ta fito da kwalabe, sunan abin Zumar Yaƙini. Ta ce zuma ce da dabino da ganyaye bakwai da aka nuna mata a mafarki, an yi musu tofi. Wai tana maganin suga da hawan jini da gyambon ciki da rashin haihuwa. Sharaɗinta ɗaya ne, ba a haɗa ta da maganin asibiti, domin haɗawa shakka ce, shakka kuma tana kashe maganin.

Zuma fa, Abban Radiya! Matar da likita ya hana ta sukari ko a koko, ita ce take shan cokali uku safe da yamma. Malamar ta ce zaƙi ne yake janyo zaƙi ya fita. Inna kuwa ta gaji, shekara goma sha ɗaya tana tsira wa kanta allura, wa zai ga laifinta? Ta miƙo mini alluran da na'urar gwajin ta ce in fitar mata da su daga ɗaki. Ban zubar ba, na ajiye su a wurina.

Yanzu ruwa take sha kamar me, ta dawo daga bayi ta sake komawa. An ce mata sugan ne yake fita. Ga kuma ɗan ciwo a babban yatsanta na hagu, tuntuɓe ta yi da dutsen bakin zaure. Malamar ta ba ta wani ƙullin lalle ta ce ta riƙa ƙunsa wurin.

Don Allah ka kira ta kafin ku shiga teku ranar Litinin, tunda ka ce sai kun yi sati uku babu waya. Maganarka take ji. Amma kada ka ce ni na faɗa maka.

Allah Ya tsare mini kai. Taka har kullum,
Asama'u.


Ƙofar Jatau, Zariya.
Alhamis, 18 ga Yuli.

Abban Radiya,

Sallama irin ta addinin Musulunci, tare da fatan kana lafiya a inda kake. Na san wannan ba za ta shiga wayarka ba sai kun fito, amma idan ban rubuta ba cikina zai fashe.

Na gode da ka kira ta. Na ji ta ce maka to, za ta koma allurar. Ba ta koma ba. Kuma ta gane daga inda zancen ya fito. Kwana uku idan na durƙusa gaishe ta, da ka take amsawa. Abincina ma sai Radiya ce take kai mata.

Akwai abin da na ɓoye maka a waccan takardar, kuma shi ne yake cina. Ni na kai Inna majalisar nan. Ni da ƙafata. Na ga zaman gida ya ishe ta, na ce ta zo mu je ta ji zikiri ta ga tsararrakinta. Ban san da kwalabe ba, Allah shi ne shaidata, amma da na gani ban ja hannunta mun fito ba.

Ba shi ke nan ba. A sati na biyu da ta fara shan zumar, Malama Sailuba ta tare ni a tsakar gidanta a gaban mata, ta ce yaya jikin Inna. Me zan ce? Na ce da sauƙi sosai, alhamdulillahi. Ta ce tun da ta fara sha? Na ce e, da sauƙi. Ashe wayar da take riƙe da ita ɗauka take yi. Yanzu muryata tana yawo a wayoyin matan birni, an sa mata gabatarwa cewa ga shaidar surukar Inna Kande ta Ƙofar Jatau, wadda ta rabu da sugan shekara goma sha ɗaya. Ni Asama'u! Gaisuwa fa na amsa. Ko gawa ake shirin wankewa, ka tambayi mutanen gidan da safe, ai da sauƙi za su ce maka. Ita ma malamar ta san haka.

Lami maƙwabciyarmu, matar Malam Dogara mai ɗinkin hula, ita ta kunna mini. Har tana yi mini tsiya wai na zama 'yar talla ban raba mata ba. Na yi yaƙe kawai.

Yau Inna ta miƙe a majalisa ta ba da tata shaidar. Ta ce ciwon yatsan ya daina mata zafi gaba ɗaya, ko taka shi ta yi ba ta ji. Mata suka yi ta kabbara. Ni kuwa sai na tuna wata nas ta taɓa gaya mana a layin asibiti cewa mai suga ya fi jin tsoron ƙafar da ba ta ciwo.

Ba ta bari in ga ƙafar. Safa take sawa ko da rana tsaka. Turaren wuta ba ya yankewa a ɗakinta, amma a ƙarƙashin ƙamshin akwai wani wari da ban san shi ba, kuma ƙudaje sun fi son gefen tabarmarta. Ta rame, zobenta yana juyawa a yatsa. Ka faɗa mini, ta yaya suruka za ta ce wa uwar mijinta cire safarki in gani?

Ka yi mana addu'a. Matarka,
Asama'u.


Asibiti.
Litinin, 22 ga Yuli.

Abban Radiya,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya. Ka yi haƙuri da rubutun, a kan gwiwata nake yi. Inna tana da rai, wannan ka fara riƙewa.

Tun safe take amai. Da azahar ta kasa ɗaga buta, sai ta kira ni da kanta, karo na farko cikin kwanaki. Na zuba mata ruwa ta wanke hannu da fuska. Da aka zo ƙafa ta jingina da bango ta lumshe ido, ni kuwa na ce bismillahi na zare safar.

Ka ji wautata. Da na ga yatsun baƙi ƙirin, abin da ya fara zuwa raina shi ne lallen nan ya kama da kyau. Haka Lami ma ta faɗa kwanaki da ta hango su Inna tana canza safa, har ta ce a sammata irinsa. Sai na lura baƙin ya haura har bayan ƙafa, inda ba a taɓa ƙunsawa ba. Lalle ba ya tafiya da kansa. Na taɓa, sanyi ƙalau. Na danna da ƙarfi ina kallon fuskarta, ko gezau. Warin da ya taso kuwa, innalillahi wa inna ilaihi raji'un, ba zan rubuta maka shi ba.

Don ruɗewa malamar na fara kira. Ta ce in kwantar da hankalina, baƙin nan cutar ce ta taru wuri ɗaya za ta fita, in ƙara mata cokali biyu. Ta ce in na kuskura na kai ta asibiti yankewa za su yi, kuma alhakin yana wuyana. Na tsaya da kwalbar a hannu. Wallahi sai da na buɗe murfin, Abban Radiya. Sai da na buɗe.

Allah ne Ya kiyaye. Na ajiye, na zari hijabi, na ruga zauren Kawu Yari, ƙanin Inna, na katse masa karatu a gaban ɗalibansa, abin da ban taɓa yi ba. Da ya zo ya ga ƙafar sai da ya dafa bango. Ban taɓa jin ya ɗaga murya ba sai yau. Ya ce shekara arba'in yana karantar da littattafai a birnin nan, bai ga inda aka ce shan magani shakka ba ne, shi da kansa kullum da bismillah yake haɗiyar ƙwayar hawan jininsa. Ya ce me ya hana ni zuwa tun farko. Na ce kunya. Kallon da ya yi mini, gara a ce ya mare ni.

Ka san lungunmu, Keke Napep ba ya shiga. A kan kujerar roba maza huɗu suka ɗauke ta har bakin titi, mata suna leƙe ta zaure suna yi mana sannu.

A asibiti na'urarsu ta kasa karanta sugan saboda yawansa. Likita ya ce ƙafar ta mutu, kuma gubar tana shiga jini. In ba a yanke ba gobe, ba ƙafar kaɗai za a rasa ba. Sun nemi ɗanta ya sa hannu. Na kira ka ya fi sau ashirin ina sane da ba za ta shiga ba. Kawu ne ya sa.

Ina jin tsoro kada ta farka. Ina jin tsoro ta farka ta dube ni.

Taka,
Asama'u.


Asibiti.
Asabar, 27 ga Yuli.

Zuwa ga maigidana, Abban Radiya,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka da kyau, ina fatan ranar Litinin in kun fito za ka karanta waɗannan a zaune, kuma a jere.

An yi aikin. Daga ƙasan gwiwa suka cire. Inna ta farfaɗo, tana shan kunu, an mayar da ita kan allura. Da na je gida ɗauko mata kaya na tarar da silifas ɗinta a bakin ƙofa, na tsaya na rasa ko in ɗauko duka biyun. A nan na yi kukan da ban yi ba a asibiti.

Ban san me za ka yi da ni ba in ka dawo, kuma duk abin da ka yanke ba zan ce ka zalunce ni ba. Inna dai ta riƙe hannuna shekaranjiya ta ce ba ni na ɗura mata ba, da hannunta ta sha. Ta ce tun sati biyu ta san ƙafar ba lafiya, daga baya kuma ta miƙe a gaban mata ta ce ta warke, da wane ido za ta koma ta ce ba haka ba.

Malama Sailuba ba ta zo ba. Na ji abin da take faɗa shi ne alluran da na ajiye a gidan su suka karya yaƙinin. Kawu ya ce zai kai maganar gaban mai unguwa da hukuma. Amma muryata har yanzu tana yawo. Jiya a barandar asibitin nan na ji ta tana fitowa daga wayar wata mata da ban sani ba, ina cewa da sauƙi sosai, alhamdulillahi. Na roƙe ta ta goge. Ta ce ai ta riga ta tura wa 'yan uwanta.

Yau da hantsi Lami ta zo dubiya da kwanon fate. Ta zauna, ta ce yaya mai jiki. Bakina har ya buɗe da kansa, kalmar tana kan harshena. Na cije ta. Na ce babu sauƙi, Lami, an yanke mata ƙafa. Masu jinya suka juyo suna kallona kamar na yi ashar. Sai Inna ta kai hannu da kanta ta yaye zanen da ta rufa da shi, ta ce wa Lami ta duba da kyau, ga lallen da ta ce a sammata.

Lami ta duba. Can ta ce ai Malam Dogara ya bar ƙwayar hawan jininsa ya koma shan zumar, kwana goma sha takwas ke nan. Da farko ya ƙi, sai da ta kunna masa muryata, ya ce tunda matarka ce ta faɗa, ba ta ƙarya. Ta ce yau da safe allurar ɗinki ta yi ta suɓuce masa, shayi kuma yana zubowa ta gefen bakinsa. Ta tambaye shi jikin, ya ce da sauƙi, shi ya sa ta taho.

A guje ta fita, ko mayafinta ba ta gyara ba. Kawu da yake nan tare da mu ya bi bayanta da mai Keke. Yanzu an kira la'asar, na buga mata sau shida ba ta ɗauka ba, shi ma Kawu bai ɗauka ba. Kwanonta yana nan a gabana, ba wanda ya iya buɗewa.

Ka taho da zarar ka taka ƙasa. Kuma in ka kira ka tambaye ni jikin Inna na ce maka da sauƙi, don Allah kada ka kashe wayar. Ka sake tambayata.

Wassalam. Matarka mai neman gafararka,
Asama'u.