Hoton Malam Ɗanladi a Shafin Laburare

Maje, ranar Talata

Zuwa ga 'yata Hauwa,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da mahaifiyarki da duk mutanen Kwamba. Allah Ya jiƙan mahaifinki, aminina Malam Bamalli.

Kada ki yi mamakin ganin takarda. Wayata na kashe ta na kulle a akwati, don yanzu ban san abin da take kwasa ba, ban kuma san wa take kai wa ba. Fatsuma mai kai kuɓewa kasuwa ce za ta miƙo miki wannan.

Kin san abin da ya kai ni laburaren da kike aiki. 'Yan estet, masu gina rukunin gidaje, sun saka gonar da mahaifinmu ya bar mana ni da ƙanena Habibu a tsakiya, gabas gidaje, kudu gidaje, har karnukansu suna yi mana yawo cikin masara. Na ce bari in karanta in san yadda ake yi wa gonar gado takardar mallaka, in fahimta tsaf kafin in tunkari Habibu, don shi mutum ne da in ya ji rabin magana sai ya ƙarasa sauran da kansa. Ban gaya wa kowa ba. Ke kaɗai kika ɗauko mini littafin dokar filaye, kina fassara mini inda Turancin ya fi ƙarfina.

To, ranar Juma'a, ana idar da salla, Habibu ya turo mini waya a fuska a gaban jama'a. Ga hoton da kika ɗauke ni, ina zaune da hulata, riƙe da littafin, sunansa ɓaro-ɓaro. Ya ce, "Yaya, ashe karatun sayar da gona kake yi a ɓoye? Da wa kuka shirya?" Kunya ta rufe ni.

Ki gaya mini gaskiya, wa ya sa ki? Na ga matar nan da ke koya muku kwamfuta, na kuma ga lambar motarta. Daga Abuja take, kuma daga can masu awon fili suke zuwa.

Ni ne babanki,
Ɗanladi

Kwamba, ranar Alhamis

Zuwa ga Baba,

Ina gaisuwa cikin ladabi, da fatan kun wuni lafiya, da iyali da aikin damina. Inna tana gaishe ku ƙwarai.

Baba, takardarku ta tayar mini da hankali. Wallahi babu wanda ya sa ni. Madam Adeola ba ta san fili ba, ba ta ma san hanyar Maje ba. An turo ta ne ta koya mana buɗe wa laburare shafi a intanet, yadda ɗalibi da ke Tafa zai duba a wayarsa ko muna da littafin da yake nema kafin ya sha wahalar hawa keke ya zo. Ta ce mu riƙa saka wani abu kowane mako don mutane su san wurin yana da rai.

Da na ga dattijo kamarku ya bar gona ya zo ya zauna cikin 'yan makaranta, sai na ga ba tarbiyya ba ce a yi ta saka hotunan yara a bar babba ba a ambace shi ba. Idan kun tuna, sai da na ce, "Baba, in ɗauka?" kuka ce in dakata ku gyara hula. A ƙasan hoton na rubuta: "Barka da zuwa ga babanmu Malam Ɗanladi na Maje, manomi mai neman sanin dokar filaye." Girmamawa na yi nufi.

Da Madam ta gani ba ta ji daɗi ba. Ta ce da ni, "Hauwa, abin da mutum yake karantawa amana ne, ba a nuna wa duniya." A take ta sa na cire. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, masu bin shafin nan ba su da yawa, kuma kusan duk 'yan makaranta ne. Ban san ta ina ya bi ya kai ga Baba Habibu ba.

Ku yi haƙuri, ku gafarce ni.

'Yarku,
Hauwa

Maje, ranar Lahadi

Hauwa,

Na amsa gaisuwarki, ki gaishe da Innarki.

E, na ce ki ɗauka. Na zaci a bango za ki liƙa kusa da hoton tsofaffin shugabanninku, inda babu mai kallo sai ƙadangare. Wa ya ce mini bangonku har cikin aljihun mutane yake kaiwa?

Kin ce kin cire. To me ya sa har yau yana cikin wayar Habibu, yana nuna wa duk wanda ya tsaya? Kuma da bakinki kika ce 'yan makaranta ne ke bin shafin. Habibu ba ɗan makaranta ba ne, ko sunansa da ƙyar yake rubutawa. Ke nan wani ne ya ɗauka ya kai masa da gangan, kuma wanda ya yi hakan ya san me yake so. Kina cewa Madam ba ta san hanyar Maje ba. 'Yata, mai neman fili ba ya tambayar hanya a gabanki. Shi kuma Nnamdi ɗin nan da ya ja muku wayoyi, ban yarda da yawan murmushinsa ba.

Ga halin da ake ciki. Tun rasuwar mahaifinmu ni da Habibu kwano ɗaya muke ci a zaure, yanzu a ɗaki ake kai masa nasa. Wani dillali mai jan babur, wanda da ko gaisuwarsa ba ma amsawa, ya mai da ƙofar gidanmu wurin hira. Jiya na hango su a bakin gona shi da Habibu suna nune-nune. Na rantse wa Habibu da Allah tsare gonar nake nema, ya ce ai mai tsaro ba ya ɓoyo. Raina ya ɓaci, kuma tsoro nake ji, ba zan ɓoye miki ba.

Tunda na'urarku ta iya yaɗa hoton mutum ba tare da saninsa ba, ki tambaye ta wanda ya kwashi hoton. Idan na sami suna zan kai wa Habibu, ya ga mai raba mu da idonsa kafin ya sa hannu a wata takarda. Ki hanzarta.

Babanki,
Ɗanladi

Kwamba, ranar Laraba

Zuwa ga Baba,

Ina ƙara gaisuwa, Allah Ya ƙara muku lafiya da haƙuri.

Na kai wa Madam maganar yadda take, har da zargin da kuke yi mata. Ba ta yi fushi ba. Ta zauna ta nuna mini inda ake ganin waɗanda suka taɓa abin da aka saka, tun kafin a cire shi. Ta kuma fahimtar da ni cewa idan mutum ya riga ya sauke hoto a wayarsa, cirewarmu ba ta bin sa can.

Baba, na daɗe riƙe da biro kafin in rubuta wannan. Ba dillali ba ne. Cikin masu bin shafin akwai Ummi, 'yarku da ke makarantar jinya a Minna. Ni na gayyace ta tun ranar da muka buɗe. Da na ga sunanta sai na kira ta kamar hira, ita kuwa ta hau ba ni labari tana dariya. Ta ce ita ta sauke hoton ta tura guruf ɗin dangi na waya, ta rubuta, "Ku ga Babana a laburare, wallahi ya fi mu ƙoƙari." Ta ce har ta nuna wa ƙawayenta na ɗaki. Baba Habibu yana cikin guruf ɗin.

Ba ta san komai ba game da abin da ya biyo baya. Damuwarta ɗaya, ta yi ta nemanku ba ta samu, tana tambaya ko lafiya. Na ce mata aikin gona ne.

Idan kun ba da izini, ni da Inna za mu zo ranar Asabar mu durƙusa gaban Baba Habibu, in gaya masa da bakina abin da kuka zo nema a littafin nan.

'Yarku,
Hauwa

Maje, ranar Juma'a

'Yata Hauwa,

Na gode, Allah Ya yi miki albarka. Ki ba Madam haƙuri, na ɗauki alhakinta.

Kada ku wahalar da kanku da zuwa. Habibu ya sa hannu shekaranjiya, ya sayar da rabinsa na gonar. Yau da safe masu awo suka kafa turakun siminti ta tsakiyar masara, ko girbi ba su jira ba.

Abu ɗaya nake roƙonki. Ummi za ta zo hutu makon gobe, za ta ga turakun, za ta kuma tambaya. Zan ce mata ƙanena ne ya gaji da noma. Ke ma iyakar abin da kika sani ke nan.

Ki gaishe da Innarki.

Babanki,
Ɗanladi